Wa Ke Riƙe Da Makunnin Zuciyarki?

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina. Wata magana ce ta tsaya mini a rai kusan wata guda, na juya ta na juya ta na kasa haɗiyewa, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku mu tauna tare. Maganar kuwa daga ɓera ta samo asali. E, ɓera dai da kika sani, mai hana ki barci da kwaramniya cikin kwanuka.

Wata ranar Asabar da yamma ƙanena da ke karatun likita ya zo gaishe ni, ya tarar ina tsintar shinkafa. Bayan mun gaisa sai ya zaro wayarsa ya ce, "Yaya, ke da kike rubuta labarin zuciya, zo ki ga wani abu." Na karɓa na duba. Ɓera ne a cikin akwati, da wani siririn zare maƙale a tsakar kansa, yana ta shinshine-shinshinensa hankali kwance. Can sai wani shuɗin haske ya kama a kansa. Nan take ya kwasa da gudu yana zagaye akwatin, zagaye bayan zagaye. Hasken na ɗaukewa ya tsaya cak, ya koma shinshine kamar ba shi ba. Na ce, "Kai ɗan nan, wannan ai tsafi ne!" Ya yi dariya ya ce, "Ba tsafi ba ne Yaya, bincike ne." Ya gyara zama ya yi mini bayani dalla-dalla, ni kuma daga baya na bi na karanta abin da zan iya. Ga abin da na fahimta.

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, ta ɓera kuma kimanin miliyan 70. Kowace ƙwaya tana magana da 'yan uwanta ne da ɗan tartsatsin lantarki. A jikinta akwai wasu ƙananan ƙofofi, in suka buɗe sai gishirin da ke cikin ruwan jiki ya kwarara ciki, ita kuma ta harba saƙo. Tunani, tsoro, yunwa, ɗaga hannu, duk ta wannan hanya suke tafiya. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu bincike kai shi ne ƙwayoyin nan iri-iri ne, kuma a cakuɗe suke kamar gero da dawa da aka zuba a buhu ɗaya. In suka soka wayar lantarki, duk na kusa sai su tashi. In suka ba da magani, sai ya bi ko'ina. Kamar ki so tayar da yaro ɗaya a ɗakin da yara 10 ke barci, amma ba ki da hanya sai ta buga ganga.

Tun a 1979 wani masani ɗan Ingila, Francis Crick, ya rubuta cewa abin da ake buƙata shi ne hanyar taɓa iri ɗaya na ƙwayoyin nan a bar sauran. A 1999 ya ƙara da cewa wataƙila haske ne zai yi wannan aiki. To kin san daga ina amsar ta fito? Daga gansakuka. Akwai wata 'yar mitsitsiyar halitta koriya, dangin gansakuka, da ke iyo a ruwan kududdufi, tana da wani ɗan ɗigo a jikinta wanda da shi take gane inda haske yake ta nufi can. Wasu masana a Jamus, Peter Hegemann da Georg Nagel da Ernst Bamberg, suka nuna a 2002 da 2003 cewa sirrin wata ƙofa ce wadda mabuɗinta haske ne. Shuɗin haske na sauka a kanta sai ta buɗe.

A 2005, a jami'ar Stanford da ke Amurka, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Karl Deisseroth tare da wasu matasa biyu, Edward Boyden da Feng Zhang, suka ɗauki ƙwayar gadon da ke ƙera wannan ƙofa suka sa ta a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da suke reno a faranti. Suna haska su sai suka harba saƙo, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A 2006 aka raɗa wa hanyar suna oftojenetik. A 2007 kuma aka samo makunnin kashewa, daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a tafkunan kanwa na ƙasar Masar. Kanwa dai irin wadda kike jefawa a tukunyar wake. Wannan ita rawayan haske take ji, yana sauka sai ƙwayar jijiyar ta yi tsit.

Kafin in ci gaba bari in ja kunne, kada wata ta tashi daga karatun nan ta ce na ce hasken waya ko na tocila yana juya tunani. Ko kusa! Haske kaɗai ba ya yin komai. Sai an ɗora ƙwayar gadon nan a kan wata ƙwayar bairas da aka cire wa dafi, an yi allurarta daidai inda ake so a ƙwaƙwalwa, an jira makonni, sannan a huda ƙoƙon kai a dasa zaren gilashi siriri kamar zaren ɗinki wanda zai kai hasken ciki. Kuma duk gwaje-gwajen fushi da tsoro da zan faɗa miki yanzu, a kan ɓeraye aka yi su, ba a kan mutane ba.

Gwaji uku ne suka hana ni barci.

Na farko a 2011 aka yi shi a cibiyar Caltech ta Amurka, inda wata mai bincike, Dayu Lin, da malaminta David Anderson suka gano wani ɗan gungun ƙwayoyi can ƙasan ƙwaƙwalwa. In aka haska su, ɓera namiji da ke zaman lafiyarsa sai ya afka wa duk abin da ke gabansa da cizo. Namiji ne, mace ce, kai har safar hannu ta roba da aka hura wa iska bai bari ba.

Na biyu a 2014, a ɗakin binciken wata mata, Catherine Dulac, a jami'ar Harvard. A al'adar ɓeraye, namijin da bai taɓa kusantar mace ba in ya ga jariran ɓera yakan kai musu farmaki. Da aka haska wasu ƙwayoyi a kansa sai ya fasa cizon, ya koma lashe su yana gyara musu jiki kamar uwa.

Na uku a 2013, a cibiyar MIT, aikin Steve Ramirez da Xu Liu a ƙarƙashin Susumu Tonegawa. Sun sa ɓera a wani akwati inda babu abin da ya same shi, suka yi wa ƙwayoyin da suka riƙe tunanin wannan akwati alama. Washegari suka kai shi wani akwatin daban, suka kunna waɗancan ƙwayoyi da haske, a daidai lokacin suka ɗan ja shi da lantarki a ƙafa. Da aka mayar da shi akwatin farko sai ya sandare don tsoro. Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To wannan bawan Allah yana gudun wurin da ba a taɓa sararsa ba, domin an dasa masa tunanin abin da bai faru ba.

Fushi, tausayi, tsoro. Kowanne da makunninsa.

Da na gama jin bayanin nan, kin san abin da ya fara faɗo mini a rai? Mallaka. Mu marubuta sau nawa muka rubuta labarin matar da ta kwashe kuɗin adashinta, ta sayar da ɗan kunnenta, ta kai wa boka don ya mallaka mata miji? Abin da take nema ai shi ne wannan makunni. Tana son ta danna, ya so ta. Ta danna, ya manta da uwargida. Ta danna, ya daina jin maganar mahaifiyarsa. Boka dai cin kuɗinta yake yi, amma burin nan nata na riƙe zuciyar wani a tafin hannu tsohon buri ne, kuma ba ita kaɗai ke da shi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na taɓa shi. Daren da maigidana ya zaunar da ni ya ce zai ƙara aure, na ce masa Allah Ya sanya alheri, na shiga ɗaki na kwana ina kallon silin. Wallahi da a daren nan wani ya miƙo mini makunni ya ce, "Danna nan, ya manta da ita har abada," ban isa in rantse cewa ba zan danna ba. Yau da hankalina ya dawo jikina nakan tambayi kaina, da na danna ɗin me zan samu? Zan samu mutum mai yi mini murmushi saboda na kunna shi, kamar yadda nake kunna fanka. Duk ranar da ya ce yana sona, na san muryata ce ta dawo mini ta bakinsa. Abin da ke sa kalmar "ina sonki" ta yi daɗi ai shi ne mai faɗinta yana da ikon ya ƙi faɗa.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu juya maganar ta ɗaya gefen. A ce makunnin nan ya shigo kasuwa ana sayarwa, wa kike jin za a fara dasa wa? Ni dai na sani. Matar da aka ce ta cika mita. Yarinyar da ta ce ba ta son wanda aka zaɓa mata. Surukar da ta buɗe baki ta ce an zalunce ta. Kuma ba za a kira shi makunnin zalunci ba, suna mai daɗi za a sa masa, a ce maganin haƙuri ne.

Ina da wata aminiya, ba zan kama suna ba. Shekara biyu mijinta ya janye hannu daga cefane, ita ke wankau da kitso tana ciyar da 'ya'ya 4. Duk inda ta kai kuka amsa ɗaya ce, "Ki yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya." Ta yi, ta yi, ta ƙara yi. Ranar da ƙaramin ya kwana da zazzaɓi babu ko kuɗin magani, shi kuwa uban ya shigo da sabuwar shadda, wani abu ya taso mata tun daga ciki. Ba ta zage shi ba, ba ta fasa ko kofi ba. Gari na wayewa ta yafa mayafi ta tafi wurin wan mahaifinsa, ta zayyana komai tana rawar murya. Aka tara manya, aka yanka masa abin da zai riƙa bayarwa kowane mako, kuma har yau auren yana nan. Yanzu ki gaya mini, da akwai makunni a kanta, kuma yana hannun mijin, ko hannun masu ce mata ta yi haƙuri, me zai faru a wannan dare? Za a danna, ta yi murmushi ta kwanta, yaron ya ci gaba da kwana da zazzaɓi. Ruwa ba ya tsami banza. Fushin nan nata saƙo ne yake kawo mata cewa an taka haƙƙi, kuma wanda ya kashe ɗan aike bai kashe labarin ba, kansa kawai ya hana ji.

A nan ne na gane wani abu game da haƙuri wanda ban taɓa lura da shi ba duk da yawan rubuta kalmar da nake yi. Ɓeran da aka kashe wa ƙwayoyin faɗa ba mahaƙurci ba ne, kasa fushin ya yi. Mahaƙurci shi ne wanda abin ya taso masa, ya ji zafinsa har maƙogwaro, yana da ikon ya yi ɓarna, amma ya riƙe ya zaɓi hanyar da ta fi. Tsakanin tasowar fushi da ɗaga hannu akwai wani ɗan fili, a cikinsa mutuncin ɗan Adam yake zaune. Haka kuma wadda za ta ce, "To ai ba laifina ba ne, ƙwaƙwalwata ce ta sa na mari 'yar kishiya," ita ma ba ta da mafaka. Gaskiya ne fushi ba ya sallama kafin ya shigo, amma ke ba zare a kanki, ba wanda ya danna ki. Wannan ɗan fili yana nan, kuma naki ne.

Na san wata za ta ce, "To ke malama, kina nufin binciken nan sharri ne, a daina?" A'a 'yar uwa, ban ce ba, kuma da na faɗi haka na yi butulci. Akwai baƙin cikin da ba saƙo yake kawowa ba, ciwo ne. Na ga wata maƙwabciyata bayan haihuwarta ta biyu, ta daina ci, ta daina wanka, jaririn na kuka tana kallon bango. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce rashin godiya ne, har da mai cewa sangarta. Sai da yayarta ta kai ta asibiti aka ɗora ta a kan magani, bayan 'yan watanni ta dawo mana da dariyarta. Irin binciken nan shi ke nuna mana cewa tsoro da ƙunci suna da mazauni a cikin tsokar jiki, kuma wannan tsoka tana iya yin ciwo kamar yadda ƙoda ko ido ke yi. A 2015 mutanen MIT ɗin nan sun gwada a kan ɓerayen da wahala ta kashe wa zuciya har suka daina marmarin ruwan sukari. Da aka kunna musu ƙwayoyin da ke riƙe da tunanin wani lokacin jin daɗi da suka taɓa yi, sai marmarin ya dawo. Masu binciken suna amfani da hasken ne su gane wace ƙwaya ke yin me, don a san inda za a nufa da magani. Ko ba komai, wannan ya isa ya sa mu daina gorin masu irin wannan lalura.

Sannan ga labarin da ya fi taɓa ni. A 2021 likitoci biyu, José-Alain Sahel da Botond Roska, suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 58 a Faransa, wanda wata cutar gado da aka gano masa shekara 40 baya ta cinye masa gani. Suka yi masa allurar irin ƙwayar gadon nan ta gansakuka a ido ɗaya, suka ba shi wani tabarau mai kyamara wanda ke mayar da abin da ke gabansa ya zama haske ruwan zuma yana aikawa cikin idon. Bayan watanni na koyo, ya iya gane inda kofi yake a kan tebur, ya ƙirga, ya miƙa hannu ya taɓa. Ya ga fararen layukan da ake shatawa a titi don masu tsallakawa. Bai kai ga gane fuska ko karatu ba, amma ki tambayi makaho darajar ganin kofi.

Ki duba bambancin wannan mutum da ɓeran cikin akwati. Ilimin ɗaya ne, hasken ma kusan ɗaya. Amma shi an tambaye shi ya yarda. Abin da ciwo ya ƙwace masa aka mayar masa, ba a ɗauke masa komai ba. Kuma tabarau ɗin a fuskarsa yake, in ya ga dama ya sa, in ya gaji ya cire da hannunsa. Ɓera kuwa ba wanda ya shawarce shi, kuma makunnin yana hannun wani.

Don haka ni dai ga ma'aunin da na tsayar wa kaina, tambaya uku. Shin mai zuciyar ta yarda? Shin mayar mata da abin da ta rasa ake yi, ko ɗauke mata abin da ke damun wani? Sannan a hannun wa makunnin zai zauna? Duk abin da ya ci jarrabawar nan magani ne, a yi maraba da shi. Wanda ya faɗi kuwa mallaka ce, ko da farar riga ya sa, ko da a jami'a aka haife shi.

Kada ki ce wannan magana ta Amurka ce, ina ruwanmu. Zaren gilashi dai bai zo gidajenmu ba, amma tambayoyin nan uku suna cikin kowane ɗaki. Uwar da ke tsorata ɗanta da dodo don ya yi shiru, tsoron abin da babu take dasa masa, kamar ɓeran akwatin farko. Mijin da zai yi ta nanata wa matarsa, "Ban taɓa faɗin haka ba, ke ce kika ƙirƙira," har ta fara shakkar kunnenta, tunaninta yake sauyawa. Matar da ke cusa wa 'ya'yanta ƙin 'yan ubansu tun ba su san hagu da dama ba, makunnin faɗa take dannawa a kan da ba nata ba. Duk muna yi, wata kaɗan wata da yawa, kuma ba mu buƙaci ko allura ɗaya ba.

Da ƙanena zai tafi ran nan na raka shi zaure, ya ce, "Yaya, kin yi shiru, ko abin ya tsorata ki ne?" Na ce masa, "Ɓeran bai ba ni tsoro ba, hannun da ban gani ba a hoton nake tunani." Shawarata gare ki 'yar uwa, in zuciyarki ta yi ciwo ki nemi magani, babu kunya a ciki. In ta yi fushi ki saurari abin da take faɗa kafin ki lallashe ta. Kada ki miƙa makunninta ga kowa, ke ma kada ki nemi na wani, ko da mijinki ne, ko da ɗan da kika haifa. Wanda kike so ya so ki, ki bi ta ƙofa da kyautatawa da gaskiya, ki bar masa ikon ya buɗe ko ya ƙi.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.